Hannun Rigar Saje Bawa

Ku samarin da kuka buɗe shaguna a bakin titin Tudun Wada, kun sa gilashi, kun sayi janareta, kun rubuta wanki da guga da jan fenti, na san abin da kuke faɗa idan kun wuce ta rumfata. Cewa kuke tsohon nan har yanzu yana fama da gawayi. A ganinku sana'ar ba ta wuce a jona waya a bango a goga ƙarfe a kan tufa ba. To, ku samu wuri ku zauna. Ni ne Isuhu mai guga, a kan teburin nan gashin kaina ya yi fari, kuma har yau akwai riga guda da na kasa mantawa da ita.

Aikin farko da aka yarda na ɗora wa dutse wandon kaki ne na wani malamin asibiti, a Bebeji, a rumfar Kawu Sale, ƙanin mahaifiyata. Kafin ranar na daɗe ina bauta. Ni ne ɗaukar ƙunshin kaya zuwa rafi, ni ne shanya, ni ne hura wuta, amma dutse sai dai kallo. Dutsen irin na da ne, mai murfi, da ɗan zakaran ƙarfe a goshi wanda ake maƙale murfin da shi. Ka zuba garwashi, ka rufe, ka fita waje ka yi ta lilo da shi har ya kama. Kawu ba ya sayen gawayi sai na ƙirya, don ba ya tartsatsi, kuma ba ya saurin komawa toka. Ba mu da wani maɓalli da zai gaya mana zafi ya isa. Ka kawo dutsen kusa da kumatunka ka ji, ko ka lashi yatsa ka taɓa gindinsa. Ka goga masa guntun kyandir ya yi santsi, ka share a tsumma. Na shimfiɗa wandon nan, na haɗa ɗinki da ɗinki, na fitar da kari guda tun daga ƙugu har ƙafa. Kawu ya ɗaga shi a haske, ya juya shi, bai ce uffan ba, ya rataye. A wurin Kawu shirun nan shi ne yabo.

Mu biyu ne yaransa, ni da Tanko, kuma Tanko bai taɓa samun shirun nan ba. Yaro ne mai daɗin zama, ga fara'a, ga biyayya, amma hannunsa ba na guga ba ne. In ya goge wando sai ka ga kari biyu sun jeru kamar layin dogo. In ya dama sitaci sai gudaji. Kullum Kawu na cewa, “Tanko, don Allah ka koma gona, ƙasa ba ta ƙonewa.” Da yaƙin basasa ya tashi aka fara ɗaukar soja, Tanko ya ajiye dutse da garwashinsa a ciki ya bi mota. Ni ma na so tafiya. Kawu ya ce ni kaɗai ne namiji a ɗakin uwata, kuma ya yi mata alkawari, in na ga dama in tsallake gawarsa. Na zauna na ci gaba da hura gawayi.

Tun da na ambaci sitaci bari in gaya muku yadda ake yinsa, don ku na gwangwani kuka sani, wanda ake fesawa. Namu na rogo ne. Ka kwaɓa garin da ruwan sanyi tukuna, sannan ka kwarara tafasasshe kana juyawa ba tsayawa, har ya daina fari ya koma garai-garai. Ka tace a ƙyalle. Ka juya rigar ciki waje, ka tsoma, ka murza ya shiga zare, ka matse, ka shanya. In ta bushe ƙayau ka yayyafa ruwa da yatsu, ka naɗe ta ka ajiye ta huce, sannan ka ɗora dutse. Kaki kuma ba a ɗora masa dutse tsirara, sai da jiƙaƙƙen ƙyalle a tsakani, in ba haka ba zai yi wani mugun sheƙi da ba ya fita. Rigar kakin da ta sha sitaci daidai, in ka tsayar da ita a tebur sai ta tsaya da kanta. Wannan shi ne abin alfaharin mai guga, kuma a duk kudancin Kano ban san wanda ya fi ni iya shi ba. Ba cika baki nake ba, ku tambayi iyayenku.

Lokacin da aka gama yaƙi na riga na dawo Tudun Wada na kafa rumfata kusa da kasuwa. Malaman makaranta nawa ne, malaman gona nawa ne, angwaye kuwa ba a magana. Har wani Arɗo nake da shi da ke aiko farar rigarsa daga ruga duk ranar kasuwa. Ana nan sai ga Tanko ya dawo, ya zama Kofur Tanko, yana ɗingisa ƙafar dama. Muka rungumi juna, na yi murna da ganinsa da rai, Allah ya sani. Bayan ɗan lokaci sai na wayi gari na ga ana kafa rumfa a tsallaken hanya, ido da ido da tawa. Tanko ne, wai wanki da guga zai yi. Ya sa tebur, ya sa igiya, ya kuma sa wani dogon benci a gaba wanda ya fi teburin girma. Na yi dariya har da riƙe ciki. Kuma gaskiyata ce, don ko mutum ɗaya cikin masu kawo mini aiki bai tsallaka wurinsa ba.

Sai watan Janairu ya kama, watan da ake tunawa da 'yan mazan jiya. Nan na san amfanin bencin. Tsofaffin sojoji suka fara sauka a tasha, daga Kiru, daga Ɗansoshiya, daga Bebeji, daga Doguwa, kowa da kakinsa a naɗe a hammata, don akwai faretin da suke yi a filin makaranta bayan an yi wa mamatansu addu'a. Ta gaban rumfata za su bi. Za su ga kayan da na rataye suna ɗaukar ido. Za su ce, “Sannu da aiki, Malam Isuhu,” in ce, “Yauwa, sannunku da zuwa,” sai su tsallaka hanya su zube kayansu gaban Tanko. Su jeru a benci, a kawo shayi, a kawo rake, a yi ta shewa da wata irin Hausa ta bariki da ni ba na gane rabinta. Can sai ka ji dariyar ta ɗauke. Wani daga cikinsu zai fara kiran sunaye, wane ɗan Kiru, wane ɗan Bebeji, waɗanda suka tafi tare ba su dawo ba, kowane suna a amsa da “Allah ya jiƙansa.” A shafa Fatiha. Ni ina tsallake ina guga, kunnena na wurinsu.

Kishi nake yi, ba na ɓoye muku. Kishin aikin nake, don kaki shi ne sarkin aiki a sana'armu, ga shi ana kai wa mutumin da ba ya iya fitar da kari guda. Kishin bencin kuma ya fi ci mini rai. Ni ma ɗan zamaninsu ne, da Kawu bai tare ni ba da ina cikinsu, ko a bencin ko a sunayen. Amma ba wanda ya taɓa cewa in tsallako in sha shayi, ni kuma girman kai bai bar ni na kai kaina ba.

A cikinsu akwai Saje Bawa, mutumin Doguwa, manomin masara. Dogo ne, baƙi, ba ya yawan magana, kuma shi ke tsayawa a gaba ranar fareti yana ba da umarni. Hannunsa na hagu a yaƙi ya bar shi, an yanke daga saman gwiwar hannu. In ya sa kaki da lambobinsa a ƙirji, ko yaran da ke tsalle-tsalle a filin sai su nutsu. Rigar mutumin nan ita na sa wa ido. Tanko yakan yi iya ƙoƙarinsa a kan jikin rigar da hannunta na dama, a ce dai ba laifi. Amma hannun hagu, wanda ake naɗewa a maƙale da fil, kullum a saɓule yake, ba sitaci, ba kari, duk ya yamutse. Duk shekara ina tsaye cikin 'yan kallo, jama'a na kallon lambobi, ni ina kallon hannun rigar nan ina jin kamar ni aka ci wa mutunci.

Wata rana na kasa haƙuri na tsallaka. Na tarar da Tanko yana ninke rigar.

Na ce, “Kofur, sitacin ne ya ƙare maka kafin ka kai hannun hagu?”

Ya ce, “Bai ƙare ba, Isuhu.”

“To kawo in gyara maka. Ba sai kowa ya ji ba. Mutum kamar Saje bai kamata ya tsaya gaban jama'a da tsumma a kafaɗa ba.”

Ya yi murmushin nan nasa mai ba da haushi, ya ce, “Allah ya bar zumunci. Bar shi haka.”

Na dawo ina huci. Daga ranar duk wanda ya zauna a rumfata sai ya ji labarin hannun rigar Saje. Na gaya wa mahauta, na gaya wa direbobi, na gaya wa mai shayi. Har Sajen kansa na tare wata shekara a bakin tasha, na rusuna na ce, “Ranka ya daɗe, da za ka gwada ni sau ɗaya, da ka ga yadda ake fita da kaki.” Ya dube ni daga sama, ba fushi ba fara'a, ya ce, “Na gode, malam. Ina da mai yi mini.” Ya wuce abinsa.

Shekarar fari, da ruwan sama ya ƙi sauka, ita ce shekarar da ba na son tunawa. Rafin da muke wanki ya ƙafe, ruwa ya zama na saye, rogo kuwa wa zai yi sitaci da shi alhali yara na kuka? Mutumin da bai ci ba ba ya kawo guga. Malamaina suka koma wanke kayansu da kansu, angwaye suka ɗage biki, Arɗo ya kora shanunsa kudu. Sai in wuni dutse bai ga wuta ba. Ƙarshe na rufe rumfa na riƙa zuwa Kafin Maiyaki ranar kasuwa ina dakon buhuna, ni da ake layi a gabana. Rumfar Tanko kuwa ba ta rufe ba ko yini ɗaya. Tsofaffin nan, su ma yunwar ba ta bar su ba, amma sai ka ga wani ya zo da riga tsaf, ba datti ko kaɗan, wai a wanke masa, ya ajiye ɗan ƙullin dawa a gefen tebur. Da idona na ga Saje Bawa ya sauko daga motar Doguwa da masara a buhu a kafaɗarsa ta dama, ya dire a rumfar Tanko, ya miƙa masa hula guda ɗaya wai a goge. Da yamma Tanko ya aiko da kwano cike da masara gidana. Muka ci, iyalina suka yi ta sa masa albarka. Ni ma na ci, amma da ƙyar ta wuce, don ban taɓa jin kishinsa kamar ranar ba.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Ruwa ya dawo, aiki ya dawo, na aurar da 'ya'ya, Kawu Sale ya rasu. Bencin Tanko ya fara yin fili. Da sai an ƙaro kujeru daga wurin mai shayi, daga baya kowa na iya miƙe ƙafa. Sunayen da ake kira kuma suka ƙaru, har shayi kan huce kafin a gama.

Bayan wata kaka, ba da daɗewa sosai ba, Tanko ya faɗi a gaban teburinsa. Ciwon shanyewar ɓarin jiki ne, ya ɗauke masa hagu gaba ɗaya, harshensa ma ya yi nauyi. Aka kwantar da shi a gida, rumfa ta zauna a rufe. Da Janairu ya zo, 'yan tsofaffin da suka rage suka sauka a tasha kamar kullum, suka je suka tsaya gaban rufaffiyar rumfa suna kallon juna. Ina kallonsu ta wutsiyar ido, ina ta goge wata riga da na riga na gama. Can suka tsallako. Ɗaya bayan ɗaya suka ajiye kakinsu a teburina. Saje ne na ƙarshe. Ya ce, “Malam Isuhu, ga amana.” Na ce, “Ranka ya daɗe, ta iso gida.”

Na ji tausayin Tanko, amma in na ce muku ban yi murna ba na yi ƙarya. Abin da na yi ta jira tun ina da baƙin gashi ga shi a teburina. Na sayo sabon garin rogo, na tace har sau biyu. Na zaɓi gawayi da hannuna. Maɓallan tagulla na goge su da toka da lemun tsami har suna ƙyalli. Da na zo kan rigar Saje, sai na ba hannun hagun nan haƙƙinsa na duk shekarun da aka hana shi. Na ninka masa sitaci, na fitar masa da kari mai kaifi, na naɗe shi ninki a kan ninki, kowanne na danne da dutse har ya zauna daram. Na rataye rigar a bakin rumfa inda duk mai wucewa zai gani. Mai shayi ya zo ya tsaya yana kaɗa kai, ya ce bai taɓa sanin rigar haka take ba.

Ana gobe fareti, da hantsi, Saje ya zo karɓa. Ya tsaya ya kalli rigar, ya ce, “Kai, wannan aiki ne.” Zuciyata ta yi fari. Sai ya zura hannunsa na dama cikin hannun hagun rigar ya shafa. Na ga fuskarsa ta canza. Ya yi godiya, ya saɓa rigar a kafaɗa. Amma maimakon ya nufi masaukinsa sai na ga ya karya kwana ya shiga lungun gidan Tanko. Na kashe dutse na bi bayansa. Na gaya wa mai shayi dubiya zan je, amma so nake in ji abin da za a ce a kan aikina.

Na yi sallama a zaure. Tanko na kishingiɗe a tabarma an tokare shi da matashi. A gabansa akwai roba da ruwan ɗumi da matarsa ta miƙo. Saje ya durƙusa, ya warware ninkin da na yi, ya riƙe jikin rigar da haɓarsa don kada ya jiƙe, ya tsoma hannun hagun a ruwa. Tanko ya kama bakin hannun rigar da hannunsa mai rai, Saje ya kama ta kafaɗa da nasa, suka shiga murɗawa, wannan ya juya nan, wancan ya juya can. Mutum biyu, ba ko ɗaya mai hannu biyu, suna matse riga guda. Ina tsaye ina kallon sitacina yana tsiyaya a roba.

Na ce, “Haba Saje! Haba ranka ya daɗe! In aikin bai yi ba ai sai a gaya mini. Me na yi da za a kawo aikina nan a wanke?”

Saje ya ce, “Zauna, malam.”

Na zauna. Ya ajiye rigar, ya janye hannun taguwarsa, ya nuna mini abin da ban taɓa gani ba duk tsawon shekarun nan. Dungun ya ƙanƙance, fatar bakinsa siririya kamar ɓawon albasa, ga tabon ɗinki ya bi ta ko'ina, wani wurin har ya tsattsage saboda sanyi.

Ya ce, “Aikinka ba shi da aibu. Amma sitaci a nan wuƙa ne. In na sa rigar nan yadda ka yi ta, kafin mu zagaya fili sau ɗaya jini ya ɓata ta. Kuma gobe dole in tsaya. Mu nawa muka rage? In ban tsaya ba wa zai kira musu umarni?”

Ya gyara zama ya ci gaba, yana magana yana kallon robar.

“Inda aka yanke hannun nan tanti ne a cikin daji, ruwa ba ya ɗaukewa. Bandeji ya ƙare, sai dai a wanke tsoho a sake ɗaurawa. Wannan Tankon da kake gani an kawo shi da harsashi a ƙafa, ba ya iya tsayuwa. Da ya ji ana neman mai wanki sai ya ce shi sana'arsa ce. A zaune yake wanke na duk tantin. To bandeji in ya bushe a bakin wuta tauri yake yi. Ranar da aka ɗaura mini irinsa, ihun da na yi har yau ina jin kunyarsa. Tun daga ranar, in ya wanke nawa sai ya zauna ya yi ta murza shi a tafin hannu har ya yi laushi, sannan ya bayar a ɗaura. Malam Isuhu, daga tantin nan zuwa yau, ba ƙyallen da ya taɓa wurin nan bai bi ta hannun Tanko ba.”

Na juya wurin Tanko. Na tuna mahauta da direbobi da duk waɗanda na tara ina ba su labarin hannun riga. Na ce, “Kofur, kana ji ina ta surutu shekara da shekaru. Me ya hana ka gaya mini?”

Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin maganar ta fito. Ya ce, “Ba jikina ba ne, Isuhu.”

Suka koma kan aikinsu. Sun fitar da sitacin, amma saura murzawa, ita kuwa murza sai tafi biyu na mutum ɗaya. Suka gwada, rigar na zamewa. Sai na ga dukansu suna kallon hannuwana. Na jawo robar gabana. Tanko na kwance yana ba ni umarni da rabin baki, ni Isuhu, wai Tanko ke koya mini aiki. A ɗauraye har sai ruwa ya fita fes, don ko sabulu ya rage yana ci masa fata. Ba a sa bula, shuɗin wanki. A shanya a inuwa, ba a rana ba. In ya sha iska a murza a tafi, a bi ɗinkin ciki da yatsa a kwantar da shi. Dutse kuwa sai ya huce, a bi ta kan ƙyalle sau ɗaya a ɗauke. Wajen naɗewa a bar sarari ƙasa da dungun, fil kuma bakinsa ya kalli waje. Ina murzawa yana cewa, “A hankali. Ba shadda ba ce.” Na rage ƙarfi na ci gaba.

Washegari Saje Bawa ya tsaya a gaban 'yan tsofaffinsa a filin makaranta. Rigar na ɗaukar ido, maɓallai na walƙiya, hannun hagu kuwa a saɓule kamar kullum. Ya daka tsawa, tsofaffin nan suka miƙe ƙirji, masu sanda suka ɓoye sanda a baya. Suka zagaya filin, ya sara da hannunsa na dama, aka yi shiru don waɗanda ba su dawo ba. Ina nan tsaye sai na ji wani direba a bayana yana ce wa abokinsa, “Ka ga Isuhu ma tsufa ya kama shi. Duk cika bakin nan, ga shi ya manta hannu guda.” Na juya, bakina cike da amsa, sai na tuna ba jikina ba ne. Na juyo na ci gaba da kallon fareti.

Tanko bai ga damina ba, Allah ya jiƙansa. Mu muka kai shi, tsofaffin nan suka jeru a bakin kabari ba wanda ya ce musu su jeru. Bayan an share makoki matarsa ta aiko mini da bencin, ta ce ba ta san wanda ya fi dacewa da shi ba.

In kuna mamakin yadda nake ba ku labarin da na ce ba nawa ba ne, Saje ne ya ba ni izini. Da Janairu ya zagayo ya kawo rigarsa, ya ce, “Malam Isuhu, mu mun kusa ƙarewa. Amma ga yaran sojoji can suna dawowa daga daji, wani ba ƙafa, wani ba hannu, wani ƙuna a baya. Su ma za su kai kaki wanki. Ka gaya wa masu shagunan nan.” To na gaya muku. In tsohon soja ko sabo ya ajiye muku riga, kafin ku fesa abin gwangwaninku ku dubi mutumin da zai sa ta. In ya ce a bar wani wuri haka, ku bar shi, kada ku tambayi dalili, kada kuma ku kai zancen wurin mai shayi.

Ranar da Saje ya dawo karɓar rigarsa na yi komai yadda aka koya mini. Ya tsaya gaban teburina, bai ko kalli karin da na fitar a gaban rigar ba, bai kalli maɓallan ba. Ya zura hannunsa cikin hannun hagun ya shafa, ya daɗe yana shafawa. Sannan ya ɗaga kai, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, “Kamar na Tanko.”

Na ce, “Na gode, ranka ya daɗe.”

Na fi Tanko iya guga tun muna yara. Kawu Sale ya sani, duk Tudun Wada ta sani, shi kansa Tankon bai taɓa musu ba. Amma a duk rayuwata, yabo mafi girma da aka yi wa aikina shi ne an ce ya yi kama da nasa. Bencin yana gaban rumfata yanzu, 'yan tsofaffin da suka rage a kai suke zama, har shayi suke miƙo mini. In dariya ta ɗauke suka fara kiran sunaye, da sunan Kofur Tanko suke rufewa. Ni kuma ina tsaye a bayan tebur da dutse a hannu, ina amsa “Allah ya jiƙansa” tare da su, kuma har yau kishinsa nake.